Sarautar yini guda, bashin shekaru: Yadda ake neman sauƙin biki a Kuala Lumpur

A tsakiyar Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, akwai wata gadar masu tafiya a ƙasa da ake kira Saloma, wadda aka buɗe a watan Fabrairun shekarar 2020. Gadar ta ƙetare kogin Klang da wata babbar hanyar mota, ta haɗa tsohuwar unguwar Kampung Baru da yankin tagwayen benayen nan na Petronas masu tsawon mita 452. Baƙo yakan tsaya yana kallon fitilunta da daddare, amma ɗan ƙasa ya san abin da aka kwaikwaya wajen zana rufinta, wato sirih junjung, wani jeren ganye da ake ƙawatawa a kai gidan amarya. Ganyen sirih kuwa a wurin Malayawa tamkar goro ne a wurin Bahaushe: ana taunawa, ana karrama baƙo da shi, ba a kuma neman aure sai da shi.

A ƙarshen gadar ta ɓangaren Kampung Baru, unguwar da Turawan mulkin mallaka na Ingila suka keɓe wa Malayawa a wajajen shekarar 1900, har yau akwai gidajen katako masu tsakar gida inda ake kafa rumfar biki. A ɗaya ƙarshen kuma manyan otal-otal ne, waɗanda kuɗin walimar dare ɗaya a cikinsu kan fi abin da ƙaramin ma'aikaci yake samu a shekara. Tsakanin waɗannan wurare biyu ne samari da 'yan matan birnin suke neman inda za su yi bikinsu ba tare da sun shiga ɗakin aure da bashi a wuya ba.

Bikin da unguwa take yi

Malayawa, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar kuma Musulmi ne, suna kiran ango da amarya raja sehari, ma'ana sarakunan yini guda. Bayan an ɗaura aure, akan zaunar da su a kan wata karaga da aka ƙawata mai suna pelamin, dangi su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yayyafa musu ruwan turare da furanni suna sa musu albarka. Ango yakan iso da rakiyar masu kiɗan kompang, wani ɗan bandiri da ake bugawa da tafin hannu, ga kuma samari a gefe riƙe da sanduna masu ado.

A ƙauye, wannan sarauta ba ta cika cin kuɗi ba, domin jama'ar gari ne suke ɗaukar nauyinta da ƙarfinsu. Suna da wata al'ada da suke kira gotong-royong, a wasu yankunan kuma rewang, wadda ba ta da bambanci da aikin gayya. Kwana biyu ko uku kafin ranar, maza su kafa rumfuna, su yanka saniya, su girka manyan tukwane. Mata su zauna yankan albasa da kankare kwakwa da dafa ƙwai. Yara su yi aike da wanke-wanke. Wanda ya taimaka yau, gobe shi ma a taimake shi. Wurin biki tsakar gidan uban amarya ne, kayan ado kuma daga bayan gida ake tsinko su.

Ita walimar, wadda suke kira kenduri, ba ta da ƙofar da ake tsare mutum. Ana fara ta kafin azahar a kai har la'asar, baƙi suna zuwa suna tafiya, kowa ya zuba shinkafar nasi minyak da nama ya ci, ya gaisa da iyayen biki ya danƙa musu 'yar gudummawarsa a hannu, ya ba wani wuri. Saboda haka baƙi dubu ɗaya a bikin Bamalaye ba abin mamaki ba ne.

Birni ya cinye tsakar gida

Ƙaurar da jama'a suka yi daga karkara zuwa birni tun daga shekarun 1970 ita ce ta sauya lamarin. Kuala Lumpur kanta tana da mutane kimanin miliyan 2 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 243, idan kuma aka haɗa da garuruwan da suka kewaye ta adadin ya ninka haka sau da dama. Da yawa daga cikin mazauna birnin a benaye masu hawa goma ko ashirin suke zaune, kuma wanda yake hawa na goma sha biyar ba shi da tsakar gidan kafa tukunya. Maƙwabcinsa kuma ma'aikaci ne da ba zai samu hutun kwana uku don yankan albasa ba.

Da farko mutane sun koma kafa rumfunan haya a kan layin unguwa ko a filin ajiye motoci, abin da har yanzu ake gani a ranakun Asabar da Lahadi, musamman lokacin hutun makarantu, wanda shi ne kakar bukukuwa a ƙasar. To amma toshe hanya yana buƙatar izinin hukuma da haƙurin maƙwabta. Daga nan sai aka koma zaurukan taro. Hukumar birnin, wadda aka fi sani da DBKL, tana da irin waɗannan zauruka a unguwanni da dama, tana ba da hayarsu a kan farashin da ya yi ƙasa da na 'yan kasuwa, shi ya sa sai an yi kamun rana tun watanni da yawa kafin lokaci. Masallatai ma sun shigo ciki. Masallacin Wilayah, wanda aka buɗe a shekarar 2000 bisa salon ginin masallatan Istanbul, yana cikin waɗanda ake ɗaura aure a cikinsu kuma a yi walima a zauren da ke harabarsu.

Abin lura a nan shi ne, duk aikin da maƙwabta suke yi kyauta a da, yanzu yana da mai shi da farashinsa: mai dafa abinci, mai rumfa da kujeru, mai haɗa karaga, mai kwalliyar amarya, mai hoto, mai sanarwa. Da gayya ta kau, kuɗi ne suka gaje ta.

Inda kuɗin suke tafiya

Ba sadaki ne yake da tsada a Malesiya ba. Hukumomin addini na jihohi su ne suke ƙayyade mafi ƙanƙantarsa. A jihar Selangor, wadda ta kewaye Kuala Lumpur, an tsayar da shi a kan ringit 300 a shekarar 2010, a jihar Johor kuwa an daɗe da sanin ringit 22 da rabi. Kimanin ringit huɗu ne suke yin dalar Amurka ɗaya. Nauyin yana ga abin da suke kira hantaran, wato kuɗi da kayan da ango yake kaiwa gidan amarya, kwatankwacin lefe. Addini bai wajabta shi ba, al'ada ce kawai, amma kuɗinsa yakan kai ringit dubu 10 ko ya zarce, kuma a wasu gidajen akan ɗaga shi gwargwadon zurfin karatun yarinya. Kayan kuma a kan farantai ake jera su, adadinsu mara ne, idan dangin ango suka kawo bakwai sai na amarya su mayar da tara.

Sai kuma abinci, wanda shi ne uwa uba. Idan aka ƙaddara cewa mai dafa abinci zai karɓi ringit 20 a kan kowane baƙo, to baƙi dubu ɗaya za su ci ringit dubu 20. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar, tun daga watan Fabrairun 2025, ringit 1,700 ne a wata, wato dubu 20 da ɗari 4 a shekara. Ke nan abincin yini ɗaya ya yi daidai da gumin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda, ba a zo kan zaure da karaga da tufafi ba.

Wannan ne yake tura wasu zuwa banki su ci bashi. Hukumar AKPK, wadda babban bankin ƙasar ya kafa a shekarar 2006 domin ba da shawara ga waɗanda bashi ya yi wa katutu, ta sha jan kunnen matasa kan ranto kuɗi don biki. Alƙaluman hukumar kula da masu karayar arziki kuma sun nuna cewa a 'yan shekarun nan bashin biyan buƙatun kai shi ne kan gaba cikin dalilan da suke kai mutane ga tsiyacewa. Wasu samarin kuwa ɗage auren suke yi shekara bayan shekara suna tari. Malamai a huɗubobinsu sukan tunatar da cewa walima sunna ce da ba a gindaya mata yawan baƙi ba, kuma zaman karaga al'ada ce da masana tarihi da dama suke danganta asalinta da tasirin Indiya, wanda ya bar ta bai bar komai na addini ba.

Tsohon garejin jirgin ƙasa da lambun Turawa

A cikin wannan hali ne aka fara neman wuraren da ba a saba yin biki a cikinsu ba. A unguwar Sentul da ke arewacin birnin akwai wasu manyan rumfunan jan bulo da aka gina a farkon ƙarni na 20 domin gyaran jiragen ƙasa, waɗanda jiragen yaƙi suka yi wa ruwan bama-bamai a shekarar 1945. Bayan sun daɗe a yashe, an gyara wani sashe nasu, ana ba da haya don taruka da bukukuwa da sunan Sentul Depot. A unguwar Bangsar ma an mayar da wata tsohuwar maɗaba'a mai suna APW wurin taro da shagunan shan gahawa. Masu son tsirrai sukan nufi lambun Perdana, wanda Turawa suka kafa a shekarar 1888, ko su fita bayan gari zuwa Janda Baik, wani ƙauye mai sanyi a tsaunukan jihar Pahang, tafiyar kimanin sa'a guda a mota, inda ake ɗaura aure a bakin rafi.

Dabarar da ke cikin zaɓen irin waɗannan wurare ita ce, wurin da yake da kyau da kansa ba ya buƙatar ado mai yawa. Bangon tsohon bulo ko inuwar manyan itatuwa sun ishi mai ɗaukar hoto, ba sai an lulluɓe rufi da yadi an cika zaure da furanni ba.

Sai dai kuma ba kowane baƙon wuri ne yake da araha ba, wasu ma sun fi otal tsada. Rumfar da babu komai a cikinta sai an kawo mata kujeru da tebura da fankoki da na'urar magana, wani lokaci har da injin wuta, kowanne da kuɗin dakonsa. Lambu kuma yana da nasa haɗarin, domin Kuala Lumpur gari ne na zafi da gumi duk shekara, kuma hadari yakan taso da la'asar babu sallama, musamman a watannin Maris da Afrilu da kuma Oktoba da Nuwamba. Wanda ya shirya biki a fili dole ya tanadi rumfa, ya zama ya biya wuri biyu. Ga kuma tsofaffi, waɗanda hawa tudu ko tafiya mai nisa daga wurin ajiye mota kan hana su halarta.

Sauƙin da ake samu a irin waɗannan wurare, in an samu, daga ƙanƙantarsu yake fitowa. Wurin da ba ya ɗaukar fiye da mutum 200 ya ba ma'aurata hujjar rage baƙi ba tare da an ce sun yi rowa ba. A nan ne kuma ake samun saɓani da iyaye, domin a wurin uba, bikin 'yarsa rana ce ta rama gayyar duk wanda ya taɓa gayyatarsa cikin shekara talatin. Gidaje da yawa sukan sasanta ta hanyar raba abin biyu: ƙaramin taro a birni don abokan ango da amarya, sannan walimar dangi a ƙauye, inda har yanzu ake samun masu kama aiki.

Sinawa da Indiyawa

Kuala Lumpur ba ta Malayawa kaɗai ba ce, akwai Sinawa masu yawan gaske da kuma Indiyawa, kuma kowa da yadda yake rage wa kansa nauyi. Waɗanda ba Musulmi ba suna yin rajistar aurensu ne a ƙarƙashin wata doka ta shekarar 1976, a ofishin rajista na gwamnati ko a wuraren ibadar da aka ba izini. Mafi shahara a cikinsu shi ne wurin bautar Thean Hou, wanda al'ummar Sinawa 'yan asalin tsibirin Hainan suka gina a kan wani tudu aka buɗe a shekarar 1989. Ginin yana da jajayen ginshiƙai da ɗaruruwan fitilu a rataye, saboda haka masu aure ba su da buƙatar kawo wani ado. A nan ake yin auren taron dangi a ranakun da Sinawa suke ɗauka masu sa'a. A ranar 9 ga watan Satumban 2019, ma'aurata 99 ne aka haɗa a wurin, domin kalmar tara a harshensu ta yi kama da kalmar da take nufin ɗorewa.

Liyafar Sinawa ta bambanta da ta Malayawa. Da daddare ake yin ta, kowane tebur mutum goma, kuma ba a zuwa sai da takardar gayyata. Baƙo yakan kawo kuɗi a cikin jar ambulan gwargwadon abin da yake jin an kashe a kan kujerarsa, don haka baƙin ne suke ɗaukar wani kaso na nauyin. Su kuwa Indiyawa mabiya addinin Hindu, adonsu na gargajiya daga gona yake: bishiyar ayaba mai 'ya'ya a kowane gefen ƙofa, saƙaƙƙen ɗanyen ganyen kwakwa a rataye, zanen ƙasa da ake yi da garin shinkafa ko shinkafar da aka rina, da sarƙoƙin furanni da ake sayowa a unguwar Brickfields.

Darasin shekarar annoba

Babu abin da ya gwada wa jama'a cewa ƙaramin biki mai yiwuwa ne kamar annobar korona. A ranar 18 ga watan Maris na 2020 gwamnati ta kafa dokar hana zirga-zirga, aka dakatar da taruka. A watan Afrilun shekarar, hukumar addinin Musulunci ta yankin tarayya, JAWI, ta ba da damar ɗaura aure ta hanyar bidiyo a intanet, waliyyi da ango da shaidu kowa yana inda yake. Yawan auren da aka yi rajista a ƙasar ya sauka daga sama da dubu 200 a 2019 zuwa kimanin dubu 185 a 2020, kana ya sake haura dubu 210 a 2021.

Wasu kuma sun ɓullo da walimar cikin mota. Wadda ta fi yin suna ita ce ta ɗan wani tsohon minista, a watan Disamban 2020 a Putrajaya, cibiyar gwamnati da ke kudu da Kuala Lumpur. Ango da amarya suka zauna a gaban wani katafaren ginin gwamnati, baƙi kimanin dubu 10 suka riƙa wucewa a hankali cikin motocinsu suna ɗaga hannu, a gaba kuma a miƙa musu ƙunshin abinci. Wannan dai biki ne na masu hali, kuma ya nuna yadda yawan baƙi yake da daraja a idon jama'a, har dokar annoba ba ta rage shi ba. Amma dubban talakawa da suka ɗaura aure a masallaci ko a ofishin hukuma da mutum goma ko ashirin sun ga cewa aurensu ya ɗauru, kuɗinsu kuma ya tafi ga hayar gida da kayan ɗaki. Bayan annobar manyan bukukuwa sun dawo, sai dai ƙaramin biki ya daina zama abin kunya kamar da.

Adon da ba ya cin aljihu

Mafi yawan kayan adon gargajiya na Malayawa tun asali masu araha ne. Bunga manggar, sandunan nan da ake rako ango da su, ba komai ba ne illa tsinke da aka naɗe da takarda mai ƙyalli aka soke a jikin abarba ko soso a kan gora, ana kwaikwayon furen kwakwa. Ana kafa su a bakin hanya su zama alamar gidan biki. Bunga telur dafaffen ƙwai ne da ake ɗaurawa a jikin furen takarda ko na yadi a ba baƙo ya tafi da shi, alamar fatan haihuwa. Bunga rampai kuma ganyen pandan ne mai ƙamshi da ake yankawa siri-siri a gauraya da furanni da turare. Duk waɗannan mata suna iya haɗa su a gida cikin 'yan kwanaki.

Masu neman rahusa sun san inda ake zuwa: titin Tuanku Abdul Rahman da unguwar Masjid India don yadi da farantai da ƙyalle-ƙyalle, kasuwar sari ta Nilai 3 a jihar Negeri Sembilan don saye da yawa, shagunan furanni na kusa da titin Petaling don furen da ake kawowa daga tsaunukan Cameron, wanda ya fi na ƙasashen waje sauƙi. Da yake karaga ita ce abin da kowa yake kallo kuma a nan ake ɗaukar hoto, akan zuba ƙoƙari a kanta a bar sauran zauren da ɗan abin da ya samu. Akwai masu hayar ƙaramar karaga ta furen roba, akwai masu amfani da karaga ɗaya don ɗaurin aure da walima, akwai kuma iyalai biyu da suke haɗa kuɗi su kama zaure ɗaya, wannan da rana wancan da dare, ko 'yan'uwa biyu su yi bikinsu rana guda. Katin gayyata ya koma WhatsApp, farantan kai kaya kuma haya ake yi ko a ara wurin wadda ta yi aure bara. Ga wanda ba shi da ƙarfi ko kaɗan, majalisar addinin Musulunci ta yankin tarayya, MAIWP, tana da tallafin aure daga asusun zakka.

Idan aka duba da kyau, kusan duk waɗannan dabaru hanya ɗaya suke bi, wato dawo da hannun 'yan'uwa da abokai cikin aikin da aka miƙa wa 'yan kasuwa. Ƙawayen amarya da suke taruwa da daddare a wani ɗaki a hawa na goma suna ɗaura ƙwai a jikin fure, gayyar kakanninsu suke yi, wuri ne kawai ya sauya.

Kukan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Ɗaliban Najeriya da Nijar da suka yi karatu a Malesiya, musamman a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, ba za su ji wannan labari a matsayin sabon abu ba. A Kano da Kaduna da Maraɗi ma biki ya tashi daga ƙofar gida ya koma zaurukan haya, kamu da walima da dina kowanne da wurinsa da adonsa da ankonsa, lefe da kayan ɗaki kuma sun danne sadaki. Matsalar ce ta sa gwamnatin jihar Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun hukumar Hisbah a shekarar 2012, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura auren ma'aurata 1,800 a lokaci guda.

Abin da ya fito fili a Kuala Lumpur shi ne, sauya wuri kaɗai ba ya rage tsadar biki. Abubuwa biyu ne suke rage ta: yawan mutanen da za a ciyar, da yawan waɗanda za su kama aiki ba don kuɗi ba. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Karagar sarakunan yini guda dai kafin sallar isha'i masu ita sun zo sun kwance ta, sun loda a mota zuwa wani bikin, amma takardar banki takan ci gaba da zuwa kowane ƙarshen wata har ɗan fari ya shiga makaranta.